Tallan fim ɗinku: ku biya mashahir ko ku zauna ku yi rubutu da yankan bidiyo da kanku?

Matasanmu na Jidda da Makka da suka fara haɗa ƙananan finafinai, kusan duka wuri ɗaya suke cijewa. An gama ɗauka, an gama editin, an ɗora a YouTube, sai a wayi gari 'yan tsiraru ne suka kalla kuma rabinsu dangin jaruman ne. Daga nan gardama take tashi, wasu su ce a yi karo-karo a ba wani mai mabiya da yawa a TikTok ko Snapchat, irin waɗanda ake ce wa mashahir, ya yi i'ilan, wato talla, wasu su ce a'a a riƙe kuɗin, a zauna a yi ta yanko gutsattsarin fim ana musu rubutu mai jan hankali ana turawa guruf-guruf. Toh duka biyun suna aiki, amma ba abu ɗaya suke sayo maka ba, kuma a ƙasar nan ta Saudiyya akwai abubuwan da furodusan da yake zaune a Kano bai damu da su ba amma kai dole ka damu.

Kafin ma a zo maganar riyal nawa, ku tambayi kanku wai wa muke so ya kalli abin nan? Don masu jin Hausa da zaku iya kaiwa ba iri ɗaya bane. Akwai 'yan ƙasa da haifaffun nan, waɗanda kakanninsu suka zo hajji tun zamanin da ake ratso Sudan a ƙafa suka zauna, su Hausa suna jinta a kunne, wasu ma tsaf suke yinta da tsofaffin gida, amma karatunsu na Larabci ne, in ka rubuta musu "ku danna nan ku kalli kashi na biyu" da boko ba zasu tsaya harhaɗa baƙi ba, wucewa kawai zasu yi. Akwai waɗanda suka zo nema, direbobi, masu aikin gida, masu tsaron shago, ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da na Ummul Ƙura, da 'yan Kano-Jidda masu zuwa da komawa, su boko suke karantawa kuma WhatsApp da Facebook da TikTok ne majalisarsu in an tashi daga dawam, wato aiki. Sai babban taron na gida, Najeriya da Nijar, su ne masu yawa nesa ba kusa ba, amma su ne kuma suke lissafin data kafin su buɗe bidiyon minti arba'in. Duk wanda ya ce muku talla ɗaya zata kamo duka ukun nan lokaci guda, bai taɓa gwadawa bane.

Mu fara da hanyar biyan mashahir tunda ita ce tafi ɗaukar ido. Amfaninta ɗaya ne kuma babba ne, sauri. Yau ka biya, gobe dubban mutanen da basu taɓa jin sunanka ba sun ji. In kana da ranar da zaka saki fim kuma kana so a san da ita, babu abin da ya kaita. Sannan akwai yarda, mutum in ya saba ganin fuskar wance kullum a wayarsa kuma ta ce fim kaza ya sa ta kuka, zai fi yarda da ita fiye da fostar da kai ka yi kana yabon kanka.

Amma ga inda gizo yake saƙa. Na farko doka. Tun 2022 duk mai son yin talla a shafinsa na sada zumunta a Saudiyya sai ya mallaki lasisin Mawthooq, kuɗinsa riyal 15,000 na shekara uku, kuma a shekarar nan ɗin dai aka fito fili aka hana baƙi, mai iƙama ne, wato takardar izinin zama, ko mai ziyara, yin talla ba tare da izini ba. Toh kaga yawancin 'yan uwanmu da suka yi suna a TikTok daga nan ba 'yan ƙasa bane, in ka miƙa wa mutum riyal ɗari biyar ya tallata maka fim, kana iya jawo masa garama, wato tara, ko abin da ya fi garama, shi kuma don kunya ko don son kuɗin ba zai ce maka a'a ba. Ni dai ban ga fim ɗin da ya kai a sa iƙamar wani cikin haɗari saboda shi ba. Masu lasisin kuwa, farashinsu ba na ƙaramin furodusa bane, kuma mabiyansu galibi Larabawa ne da ba ruwansu da fim ɗin Hausa.

Shi yasa masu wayo suke tsallakawa gida su biya 'yan TikTok na Kano da Kaduna ko jaruman Kannywood masu yawan mabiya a Instagram. Wannan tafi sauƙi a aljihu don riyal in ya koma naira yana da auki. Sai dai nan ma akwai tarko. Mutumin da yake cikin TikTok yana zazzaga bidiyo da babban yatsa ba shi da niyyar fita, ka ce masa ya rufe nan ya je YouTube ya rubuta sunan tasharka ya nemo kashi na ɗaya, wallahi kaɗan ne suke yi. Zaka ga bidiyon tallan ya samu kallo rututu, ka koma tasharka ka ga abin da ya ƙaru bai taka kara ya karya ba, ka rasa ina mutanen suka shiga. Basu shiga ko'ina ba, sun yi dariya sun wuce na gaba. Abin kamar kama istiraha ce, wato gidan hayar biki, ta dare ɗaya, a cika ta maƙil a ci a sha, gari na wayewa ka miƙa makulli, mutanen da wurin duk ba naka bane. Mabiyan nasa ne, gobe wani mai maganin basir zai biya shi ya yi musu nasa.

In dai kun yanke sai kun bi wannan hanyar, to kar ku kalli yawan mabiya, ana sayensu. Ku ce ya ɗauko muku hoton allon da yake nuna ƙasashen da masu kallonsa suke, da yawan kallon bidiyonsa goma na baya-bayan nan, ba wanda ya fashe bara ba. Ku leƙa sharhin da ake masa, in duk alamar wuta ce da zuciya babu mai magana, ku yi hattara. Ku biya rabi kafin, rabi bayan ya ɗora, ku yi yarjejeniya bidiyon zai zauna ba a sitori kawai ba da yake ɓacewa bayan awa 24. Kuma mafi muhimmanci, kar ku bari ya zauna a mota yana cewa "jama'a ku je ku kalli fim ɗin 'yan uwana", wannan an gaji da shi. Ku ba shi yanki mai zafi daga cikin fim ɗin ya ɗora, ya yi magana a kai, ya ɗauki ɓangare, ya ce shi dai a ganinsa matar ce da laifi, a barke da musu a ƙasa.

Akwai ƙanwar wannan hanyar, wato ka biya kamfanin da kansa, Facebook ko Instagram ko YouTube, abin da ake ce wa bustin. Ita tafi tsabta ta wani gefen tunda kai zaka zaɓi gari, ka ce a nuna wa mutanen Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram, ka sa iyakar abin da zaka kashe a rana, ka ga lissafi da idonka. Ka tuna da harajin kashi 15 cikin ɗari da yake hawa kan kusan komai a nan tun 2020. Rauninta shine kamo Bahaushen da yake zaune a Saudiyya ta wannan hanyar yana da wuya, in ka zaɓi Jidda kuɗinka zai ƙare a kan mutanen da basa jin ko "sannu". Sannan wani abu da da yawa basu sani ba, kallon da ka saya ta hanyar tallan YouTube ba ya shiga lissafin awannin da ake nema kafin a fara biyanka.

Bari in tsaya kan wannan kaɗan don shi yake raba gardamar ga mai dogon zango. YouTube ba ya fara raba maka kuɗin talla sai ka tara masu sabsikiraib 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12, ko kuma kallon Shorts, wato gajerun bidiyon YouTube, miliyan 10 cikin kwana 90. In ka shiga, kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo naka ne, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ana iya sa masa talla a tsakiya. Kallon TikTok ko miliyan nawa ne bai ƙara maka minti ɗaya a can. Ma'ana abin da kake nema ba wanda zai ji sunan fim bane, wanda zai zauna ya kalli minti talatin kuma ya dawo sati mai zuwa kake nema. Kuma mai kallo daga Saudiyya tallan da ake nuna masa yafi na mai kallo daga Najeriya tsoka, don haka 'yan uwanmu na nan ko basu da yawa, suna da nauyi a lissafi.

Toh sai hanya ta biyu, ta zama a yi da hannu. Ita ba ta cin kuɗi sosai amma tana cin lokaci da ƙwaƙwalwa, kuma gaskiyar magana yawancin masu cewa sun gwada bata yi ba, ba su gwada ba, fosta suka tura da rubutun da kowa yake yi. Kun san shi ai: "Sabon shiri mai ɗauke da darussa, faɗakarwa, ilimantarwa da nishaɗantarwa, kar ku bari a baku labari." Dan Allah wa wannan zai tsayar? Babu mutum a ciki, babu matsala, babu abin da zai sa ka ce to sai me ya faru. A ce fim ɗinku labarin wata baiwar Allah ce da take aikatau a nan tana tura kuɗin gini gida. Gwada rubuta haka: "Shekara tara tana shagala a Jidda tana tura wa yayanta kuɗin gini. Ranar da ta sauka Kano ya ce ta fara kwana gidan ƙawarta tukun." Shikenan, kar ka ƙara komai. Duk matar da take aiki a ƙasar nan ta san wata da aka yi wa haka ko ita kanta tana kwana da wannan fargabar, ba sai ka roƙe ta ta tura wa wasu ba, da kanta zata tura ta ce wance zo ki gani.

Abin da yake sa rubutu ya kama kenan, mutum ɗaya, abu ɗaya da yake gab da rasawa, sai ka yi shiru daidai inda mai karatu yake son ƙari. Haka ma sunan bidiyo a YouTube, an baka harafi 100 amma a waya farkon kawai ake gani, don haka kar ka cinye shi da sunan kamfaninku da "kashi na 4 cikakke", sa abin da ya faru a gaba, sunan fim da lamba su biyo baya. Hoton bangon bidiyo kuma fuska ɗaya ko biyu da ake ganin abin da yake ransu, ba jarumai tara a jere kowa ya harɗe hannu ba. Yankan da zaku sa a TikTok da sitatus shima kar ya fara da tambarin kamfani yana juyawa da kiɗa, kafin ya gama juyawa an wuce. A fara daga tsakiyar faɗan.

Sai dai in ja kunne, jan hankali daban ƙarya daban. Masu sa "Innalillahi, abin da ya faru da jaruma wance" alhali ba abin da ya faru, suna samun dannawa rana ɗaya, mutum ya shiga ya ga an yaudare shi ya fita cikin daƙiƙa goma, YouTube kuma yana lura da wannan fitar, sai ya rage nuna bidiyon. Ga zubar da mutunci, mu da muke 'yan kaɗan a nan kowa ya san kowa.

Inda wannan hanyar tafi ƙarfi a wurinmu shine WhatsApp, kuma akwai dalili. Da can a Jidda in kana so labari ya zaga, baƙala ɗaya, wato shagon unguwa, ko majalisa ɗaya a unguwar Karantina ko Sabil ko Gulail ta isa. Tun rusau ɗin unguwannin da aka fara a ƙarshen 2021 aka ci gaba a 2022 mutane sun watse, wannan ya koma can wancan ya koma can, wasu sun bar garin ma, amma zumuncin bai mutu ba, guruf ya koma. Guruf na 'yan unguwa, na 'yan gari ɗaya, na adashi, na masu biki. Babu wani mashahuri da zai shigar da kai nan, sai wanda yake ciki. Ku lura dai WhatsApp ba ya bari a tura saƙo wuri fiye da biyar a lokaci guda, wanda aka yi ta turawa kuma sai ɗaya-ɗaya, don haka gara mutum goma a cikinku kowa ya ɗora daga wayarsa da kalmominsa da a ce saƙo ɗaya ne ake ta jifa da shi. Kuma a nemi izinin mai guruf, ba a faɗo wa mutane da linki ana tsakiyar ta'aziyya ba.

Maganar haifaffun nan kuwa, abu biyu ne yake buɗe ƙofarsu. Tarjamar Larabci a ƙasan fim, da rubutun talla da Larabcin Hijaz irin wanda suke hira da shi, ba fusha ta littafi ba. Wannan ba aikin na'urar fassara bane, ku nemi yaro ko yarinyar da ta tashi a Shara Mansur ko Misfala a Makka ku biya ta ta zauna ta yi. Ga tsofaffi da waɗanda basa karatu kwata-kwata kuma, saƙon murya na rabin minti daga bakin jarumar yafi kowane rubutu. Su kuma matasansu Snapchat suka fi zama, don haka yankan da kuka yi wa TikTok ku ɗora shi can ma, ba ƙarin kuɗi.

Lokacin sakin ma rubutu ne a wani ɓangaren. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu, in kun saki ƙarfe goma na dare a nan, takwas ce a Kano, an idar da isha'i an zauna, duka ɓangarorin kun same su. Daren Alhamis yafi tunda hutun nan Juma'a da Asabar ne. Ku tsayar da rana ɗaya kar ku canza, mutane su san duk Alhamis akwai ku.

Raunin wannan hanyar kuma bazan ɓoye ba. Tana da jinkiri, sati na farko da na biyu zaku ji kamar da bango kuke magana, kuma tana buƙatar mutum ɗaya a cikinku da ya iya rubutu da gaske, ba darakta ba don shi yana son kowane fage kamar ɗansa, ba zai iya zaɓar daƙiƙa arba'in ya bar sauran ba. Ga gajiya, mutum ya dawo daga dawam na awa goma sha biyu sannan ya zauna amsa sharhi. Kuma in fim ɗin kansa sautinsa ba ya fita ko labarin ya yi sanyi, babu rubutun da zai cece shi, haka ma babu mashahurin da zai cece shi, bambancin kawai a nan baku yi asarar kuɗi ba.

Wani abin da ya shafi hanyoyin biyu, bidiyon bayan fage da ake so a riƙa ɗorawa don jan mutane. Ku kula da wanda kyamara ta kama. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da zata iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya, don haka ɗaukar masu wucewa a Balad, tsohon garin Jidda, ko bakin ruwa a sa a talla ba wasa bane, ɗauka a waje kuma a nemi tasrihi, wato izinin hukuma. A cikinku ma, wanda takardunsa basu gama daidaita ba ko wadda bata so dangin mijinta su ganta, kar zumuɗin talla yasa a watsa fuskarsu.

Wani zai ce sinima fa? An sake buɗe su a 2018 bayan sama da shekara talatin, kuma tun 2021 ake bikin finafinai na Red Sea a nan Jidda, har suna da asusun tallafa wa masu fim na ƙasashen Larabawa da Afirka. Wannan hanya ce ta gaske amma ta fim guda mai inganci da tarjama mai kyau ce, ba ta mai dogon zangon da ake saki duk sati ba, kuma shirinta daban ne tun daga rubutun labari.

Toh wanne za a ɗauka? In abin naku barkwanci ne na minti ɗaya zuwa uku, TikTok da Snapchat su ne gidan ma gaba ɗaya, ba inda zaku tura kowa, a nan haɗa bidiyo da wani mai mabiya, ku fito tare, yana da ma'ana sosai don mai kallo danna sunanku kawai zai yi. In fim ne guda ɗaya da kuke so a yi maganarsa a sati ɗaya, ku biya mutum biyu a gida su ɗora yanki, amma ku tabbata tasharku a shirye take kafin su ɗora. In kuwa mai dogon zango ne, wanda shine mafi yawanku kuke yi, ni a ganina a ce riyal dubu biyu kuka tara, fiye da rabi ya tafi kan tarjamar Larabci da editan da zai yanko muku guda huɗu ko biyar daga kowane kashi da ɗan hasafi ga mai rubutun. Ragowar ku ajiye, kar ku taɓa sai kashi na uku ya fita. Lokacin kun riga kun ga wane yanki ne mutane suka fi turawa da kansu, shi zaku ba ɗan TikTok na Kano ko ku yi masa bustin, kuma wanda ya biyo shi ya iso tasharku zai tarar da kashi uku yana jiransa ya kalla a jere, ba guda ɗaya da alƙawarin sati mai zuwa ba.

Kuma ku duba kalanda kafin ku sa rana. Goman ƙarshe na azumi da kwanakin aikin hajji rabin masu kallonku na Makka da Madina suna wurin aiki ba dare ba rana, sauran kuma hankalinsu yana Harami, duk abin da kuka kashe a lokacin ya tafi a banza. Ku bari sai bayan sallah da kwana biyu ko uku.